Amsa kan Dakta Frances Kelsey: da gaske ita ta gano illar talidomaid?

Wata ɗalibar makarantar koyon aikin jinya ce ta turo wannan: "Malam barka da aiki. A aji an ambaci wata likita Frances Kelsey, wai ita kaɗai ta hana maganin talidomaid shiga Amurka har ta ceci dubban jarirai. Dan Allah ya aka yi ta gane yana nakasa jariri alhali likitocin Turai duk basu gane ba? Kuma wai har yanzu ana amfani da maganin?"

Toh ƙanwata, bari mu fara da gyara ɗaya don kar ki rubuta shi a jarabawa yanda aka baki: Kelsey bata gano cewa talidomaid na nakasa jarirai ba. Waɗanda suka gano wannan likitoci biyu ne a ƙarshen 1961, Widukind Lenz likitan yara a Jamus da William McBride likitan mata a Ostireliya. Abinda ita ta yi daban ne, an kawo mata takardu ta sa hannu, ta duba ta ga hujjar dake ciki bata isa ba, ta ƙi sawa, kuma ta ci gaba da ƙi sama da shekara guda ana matsa mata lamba. A wajena wannan ya fi wancan labarin da ake yaɗawa daraja, sabida basirar hango abinda babu wanda ya hango ba kowa Allah ke ba ba, amma ƙin sa hannu a kan abinda baka gamsu dashi ba aiki ne da ake koya.

In kina so ki gane dalilin taurin kanta sai kin koma shekara ashirin da wani abu kafin zuwanta hukumar magunguna ta Amurka. 'Yar Kanada ce, an haife ta 1914 a tsibirin Bankuba, sunanta na gida Frances Oldham. Ta yi digiri na ɗaya da na biyu a jami'ar McGill a fannin ilimin yanda magani ke aiki a jiki, sai a 1936 ta rubuta wa Farfesa Geiling na jami'ar Shikago tana neman gurbi. Shi kuma da ya ga sunan ya ɗauka namiji ne, ya aiko da amsar ɗauka da laƙabin maza a sama. Ta ɗan yi jim ko ta rubuta ta faɗa masa gaskiya, malaminta yace ta karɓa kawai ta sa hannu ta nuna ita mace ce a gefen sunan. Haka ta shiga.

Shekara ɗaya da zuwanta, 1937, aka yi bala'in da ya canza dokar magani a Amurka. Wani kamfani a jihar Tenesi mai suna Massengill yana so ya mayar da ƙwayar salfanilamaid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta zama ruwa don yara da masu ciwon maƙogwaro su iya sha, sai mai haɗa musu magani ya narkar da ita a cikin dayetilin gilaikol, wani sinadari mai ɗan zaƙi ɗan uwan wanda ake zubawa a lagireton mota, ya ƙara masa ƙamshin 'ya'yan itace, aka ɗura a kwalabe aka fitar. Ba a gwada a kan ko ɓera ɗaya ba, kuma doka bata ce a gwada ba. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙoda ke tsayawa fitsari ya ɗauke. Ɗakin binciken Geiling na cikin waɗanda aka ba aikin gano me ke kisan, kuma Frances na cikin ɗaliban da suka dinga ba dabbobi sinadarin suna kallon ƙodarsu na lalacewa. Abin takaicin, laifin da gwamnati ta iya kama kamfanin dashi a lokacin shine rubutun jikin kwalba bai dace da abinda ke ciki ba, kisan kansa babu dokar da ya karya. Daga nan aka yi dokar 1938 wadda tace dole kamfani ya nuna maganinsa bashi da haɗari kafin ya sayar.

Ki riƙe sunan sinadarin nan, don shi ɗin ne dai ya kashe yara a Najeriya a 1990 cikin ruwan farasitamol, Jos na cikin inda abin ya fi muni, shi ne kuma a maganin haƙorin yara na My Pikin a 2008 zuwa 2009 inda yara 84 suka rasu, sannan ya sake fitowa a Gambiya a 2022 a maganin tari. Guba ɗaya, hanya ɗaya, shekara tamanin da biyar tsakanin na farko da na Gambiya.

Abu na biyu da ya gina ta shine zazzaɓin cizon sauro. Lokacin yaƙin duniya na biyu Japan ta mamaye inda ake noman itacen kwinin, Amurka ta shiga neman madadi, aka sa su Kelsey aikin. A nan ta ga wani abu a zomaye: babban zomo hantarsa na narkar da kwinin da sauri, zomanya mai ciki bata kai shi ba, ɗan tayin dake ciki kuwa baya iya narkarwa kwata-kwata, kuma maganin na ratsa mabiyiya ya isa gare shi. A zamanin likitoci da yawa sun ɗauka mabiyiya katanga ce, abinda uwa ta sha baya ƙetarawa. Ita ta gani da idonta cewa ba haka bane. Ta auri abokin aikinta Ellis Kelsey a 1943, ta koma aji ta karanta likitanci ta gama 1950 tana goyon 'ya'ya biyu mata, ta ɗan yi aiki a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka tana tace maƙalolin da ake turowa (nan ma ta koyi gane rubutun da kamfani ya rubuta aka liƙa sunan likita a kai), sannan suka koma jihar Dakota ta Kudu tana koyarwa tana kuma duba marasa lafiya a ƙananan garuruwa.

A 1960 ta fara aiki a FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, kamar NAFDAC ɗinmu kenan. Likitocin dake duba takardun sabbin magunguna na ƙasar gaba ɗaya a lokacin basu fi goma sha ɗaya ba, wasu ma ba cikakken lokaci suke ba. Kuma hukumar na cikin zargi, a shekarar ne wata likita da ta ajiye aiki a can, Barbara Moulton, ta je gaban majalisa ta faɗi yanda wakilan kamfanoni ke shiga ofis suna fita kamar gidansu.

Wata guda da fara aikinta, Satumbar 1960, aka miƙo mata fayil ɗin kamfanin Merrell na garin Sinsinati, suna neman izinin sayar da talidomaid da sunan Kevadon a matsayin maganin barci. An bata ne don ana ganin mai sauƙi ne, sabuwar ma'aikaciya ta fara da abinda ba rigima. Ai maganin tun 1957 kamfanin Grünenthal ke sayar dashi a Jamus ta Yamma da sunan Contergan, ko takardar likita ba a nema, a Ingila ana kiransa Distaval, ƙasashe sama da arba'in na sha. Tallarsa itace ko ka shanye kwalba baka mutuwa, saɓanin magungunan barci na lokacin da mutane ke kashe kansu dasu, don haka har masu ciki ake ba don laulayi da rashin barci.

Yanzu ga inda dokar take da rami, kuma in baki gane wannan ba baki gane labarin ba. A dokar 1938, in kamfani ya miƙa takardu hukuma na da kwana 60. In kwana 60 suka cika ba a ce komai ba, maganin ya samu izini da kansa, shirun hukuma yarda ne. Kuma ba a neman ka nuna maganin na aiki, rashin haɗari kawai. Makamin dake hannun Kelsey guda ɗaya ne: kafin wa'adin ya cika ta rubuta tace takardun basu cika ba, kamfani ya sake kawowa, agogo ya koma farko. Shi ta dinga yi, zagaye bayan zagaye.

Kuma ba ita kaɗai bace, su uku ne a kan fayil ɗin, ita tana duba ɓangaren marasa lafiya, akwai mai duba gwajin dabbobi, akwai mai duba haɗin sinadarin, kuma dukkansu ukun sun samu giɓi. Gwajin dabbobin gajere ne, ba a nuna yanda jiki ke tsotsar maganin ba, toh in ɓera bai mutu ba ta ina ka san rashin guba ne ko kuwa maganin ne bai shiga jininsa ba? Wani abin da ya dame ta, maganin na sa mutum barci amma baya sa ɓera barci, kenan jikin ɓera da na mutum ba iri ɗaya suke karɓarsa ba, ya za a dogara da ɓeran? Ɓangarenta kuwa abinda aka kawo a matsayin binciken likitoci yawanci wasiƙun yabo ne, na ba mutum kaza sun ji daɗi, babu rukunin kwatance, babu bibiya, irin shaidar da mai tallar magani a tasha ke jerowa da lasifika. Ta ce a kawo na gaske.

Kamfanin ya tashi hankalinsa, kaya na jibge ana so a fitar. Wakilinsu, wani Dakta Joseph Murray, da mutanensa sun tuntuɓi hukumar wajen sau hamsin, waya, wasiƙa, zuwa ofis, kai ƙara wajen shugabanninta ana cewa mai neman aibu ce mara dalili. Nan dole a yaba wa shugabannin nata, basu ƙwace fayil ɗin sun ba wani ba. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba, amma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san ƙaramin ma'aikaci baya iya tsayawa in na samansa ya zame.

Sai a Disambar 1960 wani likitan ƙauye a Sukotlan, Leslie Florence, ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa a mujallar likitocin Birtaniya, yace marasa lafiyarsa huɗu da suka daɗe suna shan maganin suna kukan minjirya da zugi a hannu da ƙafa, ko maganin ne? Kelsey ta ga wasiƙar a farkon 1961, ta tambayi kamfanin, sai ta tarar labarin ba baƙo bane a wajensu, basu dai kawo mata bane. Daga nan yarda ta ƙare. Kuma nan ne aikin zomayen nan ya dawo mata: maganin da zai taɓa jijiyar babban mutum, me zai yi wa ɗan tayin da jijiyoyinsa ke kan tsirowa? A Mayun 1961 ta nemi a kawo mata hujjar cewa bashi da illa ga mai ciki. Abinda suke dashi na matan da suka sha a watannin ƙarshe ne, na farkon ciki babu. Kinga iyakar abinda ta "hango" kenan, tambaya ta yi, ba a iya amsa mata ba.

A daidai lokacin kuwa a Jamus asibitoci na ta karɓar jarirai da nakasar da likita kan gama aikinsa bai taɓa gani ba: tafin hannu manne a kafaɗa babu damtse, ƙafa haka, wasu ba kunne, wasu zuciya ko hanji a lalace. An zargi gwajin makamin nukiliya, an zargi ruwa, an zargi gado. Lenz ya bi iyaye mata ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me suka sha, a Nuwamban 1961 ya nuna Contergan, kafin ƙarshen watan aka janye shi a Jamus, wasiƙar McBride ta fito a Disamba. Merrell sun janye takardunsu a Maris 1962. Jariran da abin ya shafa a duniya sun haura 10,000, da yawa basu rayu ba, ban da cikin da ya zube wanda ba a ƙirga ba. Ita kanta ƙasar haihuwarta Kanada ta ba da izini a 1961, bata janye ba sai Maris 1962, wata uku bayan Jamus.

Tunda jinya kike karantawa ga abinda ya kamata ya zauna miki: illar na faruwa ne tsakanin kwana 20 zuwa 36 bayan shigar ciki, lokacin da gaɓoɓi ke fitowa, kuma ƙwaya ɗaya tak ta isa. A wannan kwanakin mace da yawa bata ma tabbatar tana da ciki ba, batan wata take lissafi. Shi yasa tambayar "yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe" kafin a ba mace wasu magunguna ba surutu bane. Ɓera kuma da ƙyar maganin ke nakasa 'ya'yansa, zomo da biri ne ke nunawa, dalilin da yasa yanzu ake gwajin illar ciki a kan dabba iri biyu, ɗaya ba dangin ɓera ba. Yanda yake yin ɓarnar ma sai 2010 masu bincike a Japan suka gano furotin ɗin da yake maƙalewa a jiki, sereblon.

Amurka ma bata tsira gaba ɗaya ba, wannan shine gyara na biyu. Doka ta bar kamfani ya raba magani "don bincike" ba tare da izinin kowa ba, Merrell sun raba ƙwaya kusan miliyan biyu da rabi ga likitoci sama da 1,200, mutum wajen 20,000 suka sha, ciki har da masu ciki, da yawa ba a ma faɗa musu gwaji ake dasu ba, wasu likitocin basu rubuta wa suka ba ba. Ma'aikatan hukumar sai da suka bi ofis-ofis suna neman ragowar, an tabbatar da jarirai 17 a ƙasar. Ƙofar gaba Kelsey ta tsare, kamfanin ya bi ta baya.

Sunanta ya fito ne a Yulin 1962 da ɗan jarida Morton Mintz ya buga labarin a shafin farko na Washington Post, ranar 7 ga Agusta shugaba Kennedy ya bata lambar yabo mafi girma ta ma'aikacin gwamnati farar hula, mace ta biyu da ta taɓa samu. Akwai siyasa a ciki, kar ki ɗauka babu. Sanata Estes Kefauver tun 1959 yake fama da kamfanonin magani, ƙudirinsa an fige shi ya kusa mutuwa a majalisa, hotunan jariran nan da labarin Kelsey suka tashe shi, aka sa wa dokar hannu 10 ga Oktoban 1962. Abinda ta kawo shine ginshiƙin aikin har yau: dole a nuna magani na aiki ta hanyar bincike mai tsari, shirun hukuma ya daina zama yarda, dole kamfani ya kawo rahoton illolin da ya ji, kuma dole a nemi yardar mutum kafin a gwada magani a kansa.

Wannan na ƙarshen mu 'yan arewa mun san zafinsa. Shari'ar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, jigonta kenan, shin iyayen sun san gwaji ne, sun yarda? Kamfanin Pfizer yace ya samu yardarsu da baki kuma bai amsa laifi ba, iyayen suka ce basu sani ba, aka ƙare da sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Shekara talatin da huɗu bayan dokar Kefauver ake wannan gardamar.

Abinda ni na fi ganin girmanta a kai ma ba talidomaid bane, shekaru arba'in ɗin da suka biyo baya ne waɗanda ba wanda ke ba da labarinsu don babu hoto mai ta da hankali. An bata sashen magungunan da ake kan gwadawa, tana cikin waɗanda suka shimfiɗa tsarin gwaji mataki-mataki da kike ji ana cewa na ɗaya, na biyu, na uku. Daga baya ta riƙe sashen da ke zuwa har asibitin da aka ce an yi bincike a buɗe fayil a gani, marasa lafiyar nan da aka rubuta akwai su kuwa? sakamakon jinin nan an yi shi ko a tebur aka ƙirƙira? Sun kama likitocin da suka ƙirƙiri sakamako, an hana su sake gwaji. Bata bar aiki ba sai 2005 tana da shekara 90. A 2010 hukumar ta ƙirƙiri lambar yabo da sunanta, ta koma Kanada wajen 'yarta, aka kawo mata lambar girmamawa ta ƙasar har gida, kwana ɗaya bayan nan ta rasu, 7 ga Agustan 2015, tana da shekara 101.

Ba kowa ke tafa wa abinda ya biyo baya ba fa. Akwai masana tattalin arziki da likitoci da suka daɗe suna cewa tsananin ya sa magunguna masu amfani na daɗewa kafin su iso, kuma wanda ya mutu yana jiran magani babu mai ɗaukar hotonsa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, lokacin ƙanjamau sai da aka buɗe hanyoyin gaggawa. Sannan tsoron talidomaid ya sa a 1977 aka ba da shawarar cire duk macen da zata iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwaji, ba a warware ba sai 1993, sakamakon haka magunguna da yawa a jikin maza aka auna su, mai ciki kuwa har yau sau da yawa lalube muke. Ni dai a ganina wannan kuskuren waɗanda suka mayar da taka-tsantsan ya zama gudun ɗaukar alhaki ne, ita tambayarta a kawo hujja ce a kan masu ciki, su kuma suka ce a daina neman hujjar gaba ɗaya.

Ta ɓangarenki kuma, ki lura wasiƙar da ta juya fayil ɗin likitan ƙauye ne ya rubuta a kan mutum huɗu. Daga wannan bala'in aka samu tsarin katin rawaya na kai rahoton illar magani a Ingila a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa nata na tattara rahoton illar magani a 1968, Najeriya ta shiga 2004, fom ɗin rawaya na NAFDAC da zaki gani a asibiti jikan wancan ne. Ma'aikaciyar jinya na da damar cikewa, ba sai likita ba, kuma ba sai kin tabbatar maganin ne ya jawo ba, zargi ya isa.

Tambayarki ta ƙarshe, eh ana amfani dashi. A 1964 wani likita a birnin Ƙudus, Jacob Sheskin, ya ba wani mai kuturta da ciwo ya hana barci, sai ƙurajen nan masu zafi da ke taso wa wasu masu cutar suka kwanta cikin kwanaki. FDA ɗin da ta ƙi shi ta amince dashi a 1998 don wannan, Kelsey na cikin hukumar a lokacin, sannan a 2006 don wata sankarar ɓargo da ake kira mayeloma. Sharuɗɗan ne masu tsauri: likita da mai ba da magani da mara lafiya duk sai sun yi rajista, mace sai an yi mata gwajin ciki kafin farawa ana kuma maimaitawa, ta yi amfani da hanyar tazara iri biyu lokaci ɗaya, namiji mai sha ya sa kwaroron roba don maganin na fita a maniyyi, mai sha baya ba da gudummawar jini, ba a ba da fiye da na wata ɗaya. Duk da haka a Birazil, inda kuturta ke da yawa kuma maganin ke yawo a hannun mutane, an ci gaba da haihuwar jarirai da irin wannan nakasar shekaru da dama bayan 1962, wasu ta hanyar ƙwayar da aka rubuta wa wani a gida sai mace ta ɗauka ta sha. In kin samu kanki a asibitin masu kuturta ko ɓangaren sankara kika ga an rubuta shi, tambayi mara lafiyar ina zai ajiye shi a gida kuma su waye ke shiga ɗakin.